Yadda Ake Zaɓen Resista Don Haɗa Marage Hasken LED da IC 555

Tambayar da masu koyon haɗa kayan lantarki suka fi yi mini a kan IC 555, wato ɗan guntun nan mai ƙafa takwas da ake rage hasken fitila da shi, ita ce: "Malam, wace resista zan sa?" Wani ya kwafi zane ya haɗa, fitila na ta ƙifce-ƙifce. Wani ya juya boliyom, wato resistar da ake juyawa da hannu, har ƙarshe, haske ya ƙi sauka. Wani kuma LED ɗinsa sun yi sati ɗaya suna ci, sai suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗannan daga zaɓen resista, da kafasitar da ke aiki tare da ita, suke tasowa. Resistocin da ke cikin wannan haɗi kowace da aikinta, kuma ba a zaɓen su a tare. Daga wajen fitila ake faro lissafi, a yi ta dawowa baya har a iso kan IC. Wanda ya fara daga IC zai yi aikin sau biyu.

Abin da 555 ke yi a nan shi ne kunna fitila da kashe ta sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya iya bin wannan sauri, sai ya ga haske ya ragu ko ya ƙaru gwargwadon tsawon lokacin da fitilar ke kunne a kowane zagaye.

Kayan da za ka tanada

NE555, wato IC 555 ɗin, guda biyu da soket mai ƙafa takwas, boliyom B100K, dayod 1N4148 guda biyu, kafasita masu lamba 103 guda biyu da 104 guda ɗaya, kondensa 100µF mai ɗaukar 25V, MOSFET IRFZ44N (transistar da ke kunna babbar fitila da kashe ta), fiyus da makunni, biredibod (allon gwaji da ba ya buƙatar solda), berobod (allon da ake solda kaya a kansa), mita, ƙarfen solda da dalma. Resista kuma kada ka saya sai ka gama lissafin da ke ƙasa.

Maganar kuɗi: MOSFET da boliyom su ne masu ɗan tsada, resista goma ba su kai kuɗin MOSFET ɗaya ba. Saboda haka kowace lamba ka sayi goma-goma, kada guda ɗaya ta sa ka sake biyan kuɗin mota zuwa kasuwa. Ana samun duka a wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na kasuwar Sabon Gari a Kano. MOSFET na jabu ya yi yawa a kasuwa. Sau da yawa wanda aka cire daga tsohuwar UPS ko inbata ya fi sabon da rubutunsa ke gogewa da yatsa.

Mataki na 1: Auna wutar da za ka yi aiki da ita

Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin batir. Batirin da ake kira na 12V, idan ya cika yana hutawa, yana nuna wajen 12.6V zuwa 12.8V. Idan sola na caja shi da rana tsaka, yana hawa har 14.4V. Wannan lambar ta sama da ita za ka yi lissafi. Idan kuwa adafta ce mai tsayayyen 12V, ɗora mita ka tabbatar, sannan ka yi aiki da 12.

NE555 yana aiki daga 4.5V zuwa 16V.

*Gargaɗi:* kada ka jona shi kai tsaye da fanel ɗin sola, domin fanel ɗin 12V yana wuce 20V idan babu kaya a kansa. Idan tsarin gidanka na 24V ne, sa mai daidaita wuta 7812 ya sauke wa IC wuta zuwa 12V. Wannan haɗi kuma na wutar batir ne kawai, ba shi da hulɗa da ƙwan 220V na wutar NEPA.

Mataki na 2: Resistar da ke kare LED

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan daɗe. Mutane da yawa sun ɗauka tunda akwai boliyom, shi ke kare fitila. Ba haka abin yake ba. Ko ka rage haske zuwa ƙasa-ƙasa, a duk ɗan lokacin da fitilar ta kunnu cikakkiyar wuta take sha. Don haka ka lissafa wannan resista kamar babu 555 a wurin sam.

Lissafin shi ne: ka cire wutar da LED ke riƙewa daga wutar batir, ka raba abin da ya rage da amfiyar da kake so ta wuce. Farin LED da shuɗi suna riƙe wajen 3.0V zuwa 3.2V, ja yana riƙe wajen 2V. Ƙananan nan masu faɗin milimita 5 iyakarsu 20mA, wato 0.02 na amfiya.

Farin LED ɗaya a kan batirin sola: 14.4 a cire 3.2, saura 11.2. A raba da 0.02, an sami om 560 (om shi ne ma'aunin resista). Sai ka duba zafin da za ta ɗauka: 11.2 sau 0.02 ya ba da wat 0.22. Ƙananan resistocin da aka saba sayarwa na kwatan wat ne, wato 0.25, kuma wannan ya matso bakin iyakarsu. A nan ka sayi ta rabin wat.

Abin da ya fi shi ne ka jera LED uku a layi ɗaya, ƙafar wannan a ƙafar wancan. Ukun suna riƙe 9.6V. A kan adafta mai 12V, saura 2.4, a raba da 0.02, om 120 ke nan. Amma ɗauki wannan 120 ɗin ka kai ta kan batirin da ke caji a 14.4V: saura ya zama 4.8, abin da ke wucewa ya koma 40mA, ninki biyu na abin da LED ke iya ɗauka. Shi ya sa suke fara dusashewa, su yi ƙifce, su mutu. A kan sola lissafin yana ba da 240, sai ka ɗauki 270 wadda ta fi sauƙin samu. Da rana za ta bar 18mA su wuce, da dare idan batir ya sauko 12.5V su koma wajen 11mA. Hasken zai ɗan ragu, amma fitilar za ta yi shekaru. A ganina wannan ciniki ne mai riba.

Idan lambar da lissafi ya ba ka babu ita a shago, ka hau zuwa ta sama da ita, kada ka sauko.

*Gargaɗi:* kowane layi na uku da tasa resistar. Kada ka tara layi goma kafaɗa da kafaɗa ka ɗora su a kan guda ɗaya. LED ba sa zuwa daidai wa daida, wani layin zai fi jan wuta, ya yi zafi, ya ƙara ja har ya ƙone, sauran su gaji rabonsa su bi shi. Kuma kada ka jera farare huɗu a kan 12V, domin huɗun suna neman 12.8V.

Igiyar LED mai manne, wadda ake yanka ta bayan kowane ƙwai uku, tana zuwa da resistocinta a jiki, ba ta buƙatar ƙari. Sai dai an lissafa su ne a kan 12V, don haka idan ka ɗora ta a kan batirin da ke caji, ka guji ƙure boliyom da rana. Ƙwan DC na sola kuma kala biyu ne. Buɗe ka duba: idan resistoci kawai ka gani, zai karɓi ragin haske. Idan ka ga ƙaramin IC da nannaɗaɗɗiyar waya, yana da nasa mai daidaita wuta, zai yi ta kokawa da 555, ya yi ƙifce ko ƙara.

Mataki na 3: Tara jimillar wuta, ka zaɓi mai ɗaukar kaya

Layi ɗaya 20mA, layi goma 200mA. Igiyar 3528 mai ƙwai 60 a mita tana jan wajen 0.4A kowace mita, 5050 mai ƙwai 60 kuma tana iya kaiwa 1.2A.

A takarda, ƙafa ta 3 ta NE555, wato wadda wutar ke fitowa ta cikinta, tana ba da har 200mA. Ni dai ba na ɗora mata abin da ya wuce rabin haka, saboda zafin ƙasarmu. Idan za ka jona LED kai tsaye a ƙafa ta 3, ka tuna ba ta fitar da cikakkiyar wutar batir, tana cin wajen 1.7V. Sai ka cire wannan kafin ka yi lissafin mataki na 2.

Duk abin da ya fi haka, MOSFET ne maganinsa. Ka riƙe IRFZ44N rubutunsa na kallonka, ƙafafu na ƙasa: ta hagu G, ta tsakiya D, ta dama S. S tana zuwa mainos ɗin batir. D tana karɓar mainos ɗin fitila. Fulos ɗin fitila kuma ya tafi fulos ɗin batir. Resista biyu ake sa masa: om 100 daga ƙafa ta 3 zuwa G, da 10k, wato om 10,000, daga G zuwa S. Ta farko tana rage fizgar da G ke yi wa IC a kowace kunnawa, kuma ko 47 ko 220 ka samu za ta yi. Ta biyu tana riƙe MOSFET a kashe idan IC ya fita daga soket ko waya ta tsinke. Idan babu ita, yana iya tsayawa rabi a buɗe ya yi ta zafi.

*Gargaɗi:* IRFZ44N yana son wajen 10V a G kafin ya buɗe sosai. Idan haɗinka na 5V ne, daga fawabank ko cajar waya, ba zai buɗe yadda ya kamata ba. Nemi IRLZ44N. Haka kuma ƙarfen bayansa a haɗe yake da D, kada ya taɓa akwatin ƙarfe ko wata waya.

Wanda bai sami MOSFET ba, kuma kayansa bai wuce 300mA zuwa 500mA ba, transista BD139 zai yi. Ana ba ƙafarsa ta B kashi ɗaya cikin goma na abin da fitila ke ja. A 300mA, 30mA ke nan. Ƙafa ta 3 tana ba da wajen 10.3V a kan 12V, a cire 0.7, a raba 9.6 da 0.03, an sami 320. Sa om 330 ta rabin wat.

Mataki na 4: Haɗa ɓangaren IC a kan biredibod

Nemi ɗan ramin da ke kan IC ko ɗigon da ke gefe. Ƙafa ta 1 tana kusa da ɗigon, ana ƙirgawa ƙasa zuwa 4, a tsallaka a hau daga 5 zuwa 8.

Ƙafa ta 1 zuwa mainos. Ƙafa ta 8 da ta 4 zuwa fulos. Haɗa ta 2 da ta 6 da gajeriyar waya, ka sa kafasitar lokaci, wadda za mu zaɓa a mataki na 6, daga nan zuwa mainos. Sa 103 daga ƙafa ta 5 zuwa mainos. Sa 104 tsakanin ta 8 da ta 1, kusa da IC sosai, kondensa 100µF kuma a inda wuta ke shigowa.

Resistar da za mu kira R1 tana tashi daga fulos zuwa ƙafa ta 7. Ƙafar tsakiya ta boliyom ita ma ƙafa ta 7 za ta je. Daga ƙafar boliyom ta gefe ɗaya, dayod ya tafi wajen 2 da 6, baƙin zobensa na fuskantar IC. Daga ɗaya gefen, resista R2 sannan dayod na biyu, shi kuma baƙin zobensa na fuskantar boliyom.

Kafasitar lokaci tamkar ɗan bokiti ce: tana cika ta hanyar R1 da ɓangare ɗaya na boliyom, lokacin fitila na kunne, sannan ta zube ta R2 da ɗaya ɓangaren, lokacin fitila na kashe. Juya boliyom yana tsawaita hanya ɗaya ya gajarta ɗayar, jimillarsu ba ta canzawa.

*Gargaɗi:* dayod biyun dole su saɓa wa juna. Idan duka zobensu na kallon IC, fitila za ta mutu ta ƙi tashi. Idan duka na kallon boliyom, za ta tsaya a cikakken haske komai juyin da ka yi.

Mataki na 5: R1, R2 da girman boliyom

Abu biyu ke jan R1, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

A duk lokacin da fitila ke kashe, ƙafa ta 7 tana sauka zuwa mainos, wato R1 tana tsaye ita kaɗai tsakanin fulos da mainos. Idan 1k ce a kan 12V, 12mA ke wucewa, zafinta wat 0.14, babu damuwa. A 14.4V zafin ya kai wat 0.21. Idan ka sauko zuwa om 470, a 12V ma ta wuce kwatan wat. Wanda ya sa om 100 zai ga hayaƙi, domin kusan wat ɗaya da rabi ke nan. Don haka kada R1 ta yi ƙasa da 1k.

A ɗaya hannun, R1 ce ke yanke iyakar da haske zai iya sauka. Raba R1 da jimillar R1, boliyom da R2. Da 1k, boliyom 100k da R2 ta 1k, mafi ƙarancin lokacin kunnawa kashi 1 cikin 100 ne. Da 2.2k, kashi 2. Da 4.7k, ya haura kashi 4. Idan kuwa boliyom 10k ka samu ka haɗa shi da 1k, ƙasan ya tsaya a kashi 8. A lissafi kashi 8 kamar ba komai ba ne, amma ido ya fi jin ƙaramin haske, a ɗakin kwana da dare za ka ga fitilar ba ta ragu yadda kake so ba. Wannan shi ne amsar masu cewa hasken ya ƙi sauka.

Zaɓina: 1k a kan adafta, 2.2k a kan batirin sola, boliyom 100k ko 50k. R2 ka bar ta a 1k. Akwai zanukan da ba sa sa ta, haɗin kuma yana tashi, amma idan boliyom ya ƙure, kafasita na zubewa cikin ƙafa ta 7 babu birki. Abin da take ci maka kashi 1 ne kacal daga cikakken haske.

Launuka, ga masu zobe huɗu: 1k ruwan ƙasa, baƙi, ja. 2.2k ja, ja, ja. 10k ruwan ƙasa, baƙi, ruwan goro. Om 100 ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Om 270 ja, shunayya, ruwan ƙasa. Ja da ruwan goro da ruwan ƙasa suna rikita ido a ƙarƙashin tocila, don haka kowace ka ɗora ta a mita kafin ta shiga allo. Wajen aunawa kada yatsunka su riƙe ƙafafu biyun tare, jikinka zai rage lambar.

Harafin da ke gaban lambar boliyom ma yana da ma'ana. B yana tafiya daidai daga farko zuwa ƙarshe, don haka za ka ga yawancin canjin haske ya taru a farkon juyi. A, irin na muryar rediyo, yana farawa a hankali, ya fi dacewa da ido, muddin ɓangarensa mai hawa a hankali ne ke gefen cikawa. Idan ka ji ya ƙara muni, musanya wayoyin gefe biyu.

Mataki na 6: Kafasitar lokaci

Sai yanzu za ka zaɓe ta, bayan resistoci sun zauna. Tara R1, boliyom da R2 a ma'aunin k. Ninka da kafasita a ma'aunin µF. Raba 1440 da abin da ka samu, shi ne yawan kunnawa a daƙiƙa. Lamba 102 tana nufin 0.001µF, 103 tana nufin 0.01, 104 tana nufin 0.1, 222 tana nufin 0.0022, 223 tana nufin 0.022.

Da 2.2k, 100k da 1k, jimilla wajen 103k. Da kafasita mai lamba 103, wato 0.01µF, lissafi ya ba da wajen 1,400 a daƙiƙa. Da 104 kuwa ya faɗo 140, kuma nan ne ƙifcen nan ke fitowa: ka kaɗa hannu a gaban fitila ka ga yatsu sun rarrabu, ka ɗauki bidiyo da waya ka ga baƙaƙen layuka na tafiya. Kuskuren 104 a gurbin 103 shi ne na ɗaya a wannan mataki, saboda kamanninsu ɗaya.

Ka nufi tsakanin 1,000 da 3,000. Boliyom 100k da 103. Boliyom 50k da 223, wajen 1,200. Boliyom 10k da 104, shi ma 1,200. Boliyom 500k da 222, wajen 1,300.

Idan mitarka na auna Hz, wato yawan kunnawa a daƙiƙa, kada ka damu don ta nuna ƙasa da lissafi. Kowane dayod yana cin wajen 0.6V, wanda ke rage saurin da fiye da kashi 10 a kan 12V, a kan 5V kuma ya fi haka nesa. Boliyom kansa yana iya kaucewa lambarsa da kashi 20. Idan da hali ka ɗauki koriyar kafasitar nan mai rubutun 2A103J, ta fi ƙananan masu kamar ƙwayar magani tsayuwa idan an yi zafi.

Wani lokaci adafta na yin siririn kuka a wannan sauri. Kafin ka taɓa lissafi, ƙara kondensar shigowar wuta zuwa 470µF ko 1000µF. Wasu na gudu zuwa sama da 20,000 don kunne ya daina ji, amma a can MOSFET ya fi zafi, kuma ƙasan haske ba ya zama lafiya.

Mataki na 7: Gwaji kafin ka jona babbar fitila

Cire MOSFET tukuna. Sa LED ɗaya da 1k daga ƙafa ta 3 zuwa mainos. Ɗora mita a DC, jar wayarta a ƙafa ta 3, baƙar a mainos, ka juya boliyom a hankali. A kan 12V ya kamata lambar ta taso daga kusa da sifili har wajen 10V, ba tare da tsalle ba. Idan tana tsalle a wani wuri, boliyom ɗin ya ci ƙura ko ya goge, canza shi. Idan ta tsaya cak, duba ƙafa ta 4, duba wayar 2 da 6, sannan dayod.

Idan wannan ya yi, mayar da MOSFET, jona fitila ta bayan fiyus wanda ya ɗan fi abin da take ja, misali 2A ga fitilar 1.2A. Bar ta minti goma a tsakiyar juyi, minti goma a ƙure, ka taɓa kowane abu da bayan yatsa. A amfiya ɗaya ko biyu IRFZ44N na gaskiya ɗumi kawai zai yi. Idan yana ƙuna, ko dai jabu ne ko G ba ta samun isasshiyar wuta. Resistar da ba ka iya riƙe ta ba, sa mai wat ɗin da ya fi.

*Gargaɗi:* juya fulos da mainos sau ɗaya ya isa ya kashe IC ya fasa kondensa. Dayod 1N4007 a kan wayar fulos da ke zuwa ɓangaren IC yana rufe wannan ƙofa.

Mataki na 8: Mayarwa kan berobod

Solda soket, kada ka solda IC ɗin kansa. Wutar fitila kada ta bi siraran layukan tagulla na allo: ja waya mai kauri daga batir zuwa S, wata daga D zuwa fitila, mainos ɗin IC kuma ya haɗu da su a wuri ɗaya kusa da S. Wayoyin boliyom su zama gajeru. Idan nesa kake son fitila, wayar fitila za ka tsawaita.

Ko an rage haske har ƙasa, haɗin bai mutu ba. NE555 kansa yana jan wajen 10mA, R1 na jan nata, sai batir ya yi ta tsiyaya dare da rana. Sa makunni a kan wayar fulos, bayan fiyus. Akwai boliyom mai makunni a bayansa, amma wannan makunnin ƙarami ne: ka bar shi ya yanke wutar IC kaɗai, resistar 10k da ke tsakanin G da S za ta kashe MOSFET, fitila ta mutu.